Wa Aka Tambaya?



Akwai wata magana da ta cika mana kunne a 'yan shekarun nan, a rediyo da jarida da wayoyin hannu, wai "bincike ya nuna". Bincike ya nuna kashi kaza cikin 100 na jama'a suna bayan wane. Bincike ya nuna yawancin matasa sun gaji da kaza. Bincike ya nuna mutanen jiha kaza sun gamsu da aikin gwamnati. Da zarar an jingina magana da alƙaluma, sai ka ga majalisa ta yi tsit, mai gardama ya haɗiye gardamarsa, don a ganinmu lissafi ba ya ƙarya. Lissafi kam ba ya ƙarya, amma abin da aka zuba masa shi yake ƙirgawa. Shi ya sa yau nake so mu tsaya a kan tambayar da ta kamata ta riga kowace fitowa daga bakinmu: su wa aka tambaya, kuma ta yaya aka zaɓo su?

Ba mai iya jin ta bakin kowa da kowa. Ƙasa kamar Najeriya, mai mutum sama da miliyan 200, ƙidayar jama'a kanta sai an yi shekaru ana shiri, kuma rabon da a yi ta tun 2006. Don haka masana ƙididdiga suka dogara da ɗibar samfuri: a tambayi kaɗan, a fahimci masu yawa. Hanya ce ingantacciya, an gwada ta an ga amfaninta. Sai dai tana da sharaɗi, kuma duk wanda ya karya sharaɗin, ko mutum miliyan ya tambaya, wahalar banza ya yi.

Mu leƙa Amurka a shekarar 1936. A lokacin akwai wata mujalla mai suna Literary Digest, wadda ta yi suna wajen hasashen zaɓen shugaban ƙasa, don ta yi a zaɓukan baya a jere ba ta kuskure wanda zai ci ba. A wannan shekarar shugaba mai ci, Franklin Roosevelt, yana takara da gwamnan jihar Kansas, Alf Landon. Mujallar ta aika da takardun tambaya kusan miliyan 10 ta gidan waya, aka dawo mata da sama da miliyan 2 da dubu 300. Ta ƙirga, ta fito ta shela cewa Landon zai ci da kusan kashi 57 cikin 100. Wa zai ja da amsar mutum sama da miliyan 2?

Ranar zaɓe ta zo. Roosevelt ya sami kusan kashi 61 cikin 100, ya lashe jihohi 46 daga cikin 48 da ake da su a lokacin. Landon jihohi biyu kacal ya tsira da su, Maine da Vermont. Mujallar ba ta ƙara ɗagowa ba, cikin shekara biyu ta shuɗe.

Me ya faru? Abu biyu. Na farko, sunayen da ta aika wa takardun ta tsamo su ne daga kundin masu tarho, da rajistar masu motoci, da jerin masu sayen mujallar. To a wancan zamanin Amurka tana cikin matsin tattalin arzikin da ya faro tun 1929, miliyoyin mutane ba aikin yi. Mai tarho a gida da mota a ƙofar gida, mai rufin asiri ne. Talakan da ke bin layin abinci, wanda shi ne ƙashin bayan Roosevelt, sunansa ba ya cikin waɗannan littattafan. Na biyu, cikin duk mutum huɗu da aka aika wa takarda, ɗaya ne ya amsa, kuma binciken da masana suka yi daga baya ya nuna masu jin haushin shugaban sun fi zaƙuwa su cike takardar su mayar. Wanda ransa ya ɓaci ya fi saurin ɗaukar alƙalami. Ka ga an bar wasu a waje tun wajen haɗa sunaye, sannan cikin waɗanda aka gayyata ma, ɓangare guda ne ya fi yin magana.

A wannan zaɓen dai, wani matashi mai suna George Gallup ya tambayi mutum kimanin dubu 50, ya ce Roosevelt ne zai ci, kuma haka aka yi. Mukan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a wannan fagen yawan da ya fito daga ɓangare guda ba ya gyara komai, kuskuren yake ƙara wa kwarjini.

Shi ma Gallup ɗin bai tsira ba. A 1948 shi da sauran manyan masu wannan sana'a suka ce Thomas Dewey zai kayar da shugaba Harry Truman. Har wata jaridar birnin Chicago ta riga ta buga a shafinta na farko cewa Dewey ya ci, washegari Truman ya ɗaga jaridar sama yana dariya aka ɗauke shi hoto. Hanyar da masu hasashen suka bi ita ce a ce wa ma'aikaci: je ka samo mana maza kaza, mata kaza, tsofaffi kaza, matasa kaza, amma kai za ka zaɓi wanda za ka tare. Ma'aikaci kuwa ɗan Adam ne. Zai fi tarar mai fara'a, mai tsabtar tufafi, mai gida a bakin titi. Ba zai so shiga lungu mai kwata ba, ba zai so hawa bene hawa biyar ba. Ba da mugunta ba, ƙafarsa da idonsa suka yi masa zaɓi. Ga shi kuma sun daina tambaya makonni kafin zaɓe, alhali ra'ayin mutane yana ta juyawa.

Darasin da aka koya daga nan shi ne tushen wannan ilmi gaba ɗaya: a cire hannun mutum daga zaɓen wanda za a tambaya, a bar wa ƙuri'a. Tun 1934 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Poland, Jerzy Neyman, ya gabatar da hujjar haka a birnin Landan, amma sai da aka sha kunya a bainar jama'a aka rungume ta sosai. Ma'anarta, kowane mutum a cikin al'ummar da ake bincike a kanta ya kasance yana da damar fitowa, kuma a san girman damar tasa. Ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san ɗan gidan wane ba, ba ta ƙyamar lungu.

Mu ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta fito da ita za a tafi. Alƙur'ani mai girma ma ya ba da labarin yadda aka jefa alƙaluma don a fitar da wanda zai riƙi Nana Maryam. Inda haƙƙi ya zo daidai, kuma ake tsoron zuciya ta karkata, ƙuri'a ce mai raba gardama.

Wanda ya saba sayen wake ko masara a kasuwar hatsi, ko Dawanau ce ko kasuwar ƙauye, ya san sauran bayanin. Ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya ɗaya-ɗaya, kuma ba ya tsayawa ga abin da ke bakin buhu. Sai ya soki buhun ta gindi, ta tsakiya, ta gefe, ya haɗa a tafin hannu ya duba. Cikin tafin hannun nan ya ishe shi yanke hukunci. Da zai kwashi kwano goma daga sama, har yanzu bai san abin da ke ƙasa ba.

Ita kanta ƙuri'ar tana son kulawa. A watan Disambar 1969, lokacin yaƙin Vietnam, gwamnatin Amurka ta yi ƙuri'a don tsara waɗanda za a fara kira aikin soja. Aka rubuta ranakun shekara 366, kowace a cikin ɗan ƙwanso, aka zuba su wata bayan wata, Janairu a farko, Disamba a ƙarshe, amma ba a cakuɗa su yadda ya kamata ba. Sakamakon haka, waɗanda aka haifa a watannin ƙarshen shekara suka fi fitowa da wuri, wato suka fi shiga sahun gaba na tafiya. Masana suka gano, shekarar da ta biyo aka canza tsarin. Shi ya sa a yau ba a dogara da hannu da ƙwarya, kwamfuta ake sa wa ta fitar da lambobi.

To yaya ake yin wannan a aikace? Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a sami cikakken jerin sunaye, a ba kowa lamba, a ja ƙuri'a. Ta biyu ita ce ta tsallake. A ce unguwa mai gida 600, ana son gida 30. Sai a raba, ya ba da 20. A ja ƙuri'a tsakanin 1 zuwa 20, in 7 ta fito, sai a ɗauki gida na 7, na 27, na 47, haka har ƙarshe. Ta uku ita ce a fara raba jama'a rukuni-rukuni, birni daban, karkara daban, kowace jiha daban, sannan a yi ƙuri'a a cikin kowane rukuni, don kada sa'a ta sa a tsallake wani ɓangare ɗungurungum. Ta huɗu kuwa, saboda ba a da jerin sunan kowa, kuma kuɗin mota ba zai bari a bi mutum ɗaya-ɗaya a faɗin ƙasa ba, sai a fara jan ƙuri'ar yankuna, sannan a ja ta gidaje a cikin yankunan da suka fito.

Ga misali a gida. Binciken lafiya da yanayin iyali na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta Najeriya ta gudanar a 2018 ya haɗa waɗannan hanyoyin. An raba kowace jiha cikin 36, da Abuja, gida biyu, birni da karkara, ya zama rukuni 74. Aka zaɓo ƙananan yankunan ƙidaya 1,400. Ma'aikata suka je kowane yanki suka rubuta gidajen da ke ciki tas, sannan aka fitar da gida 30 daga kowanne, jimla kimanin gida 42,000. Ma'aikaci ba shi da ikon cewa wancan gidan ya yi nisa, bari in shiga na kusa. Daga irin wannan aikin ne ake sanin yara nawa ke mutuwa kafin shekara 5, mata nawa ke haihuwa a asibiti, yara nawa suka sami rigakafi. Wani abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne rahoton bai ɓoye ba cewa akwai ƙananan hukumomin Borno da rashin tsaro ya hana shiga, don haka alƙaluman jihar ba lallai su wakilci jihar duka ba. Mai gaskiya a wannan sana'ar yana faɗin inda ƙafarsa ba ta kai ba.

Haka ma ƙungiyar Afrobarometer, mai jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka sama da 30, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru. A ƙasa guda takan tambayi mutum 1,200 zuwa 2,400, ido da ido, da harshen da mutum ya zaɓa. Ko an shiga gida, ba wanda ya fito ya amsa sallama ake tambaya ba, sai an sake fitar da mutum guda ta ƙa'ida, kuma ana karɓa-karɓa, wannan gida namiji, na gaba mace.

Na san wani zai ce, mutum dubu ɗaya ko biyu a cikin miliyoyi, ai wasa ne. Lissafi ya nuna idan da ƙuri'a tsantsa aka zaɓo mutum 1,000, yawanci amsar ba ta kauce wa ta al'umma duka da fiye da kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa. In 400 ne, ratar takan kai kashi 5. In 2,500 ne, ta sauko kashi 2. Kafin ka rage ratar da rabi, sai ka ninka mutanen sau huɗu. Kuma girman ƙasar kusan ba ya canza wannan lissafin. Amma a lura da kyau: wannan ratar kuskuren sa'a kaɗai take aunawa. Idan tun farko an karkace wajen zaɓe, ba ta da abin cewa.

Yanzu mu dawo kan abin da muke ji kullum. An buɗe layukan waya a shirin rediyo, mutum 20 sun kira, 16 sun ce ba su yarda ba, sai a rufe shiri da cewa jama'a ba su yarda ba. Wace jama'a? Wanda ya kira yana da waya, yana da kati, yana da caji, yana da sabis, yana da sarari a wannan sa'ar, kuma maganar ta ci masa rai har ya jure layi yana katsewa. Sau nawa kuke jin muryar mace a cikin masu kiran? Sau nawa kuke jin makiyayi, ko manomin da ke gona tun asuba, ko tsohuwar da sai jikanta ya danna mata lamba? Shirin kira yana da amfani ƙwarai, yana fito da koke, yana sa mahukunta su ji zafi. Amma wurin jin muryoyi ne, ma'aunin ra'ayin jama'a wani abu ne daban. Haka ƙuri'ar da ake yi a Facebook, inda mabiyan mutum guda suke amsa masa, wani ma ya turo abokansa su cika akwati.

Gabanin zaɓen 2023 mun ga hasashe iri-iri, wasu an yi su ta kiran waya, wasu ta manhajar babbar waya, kowane ɓangare ya rungumi wanda ya yi masa daɗi. Kaɗan ne suka tsaya tambayar mutum nawa suka ƙi amsawa, nawa suka ce ba su yanke shawara ba. Ranar zaɓen shugaban ƙasa kuwa, cikin masu rajista sama da miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Mai amsa waya daban, mai tsayawa a layi cikin rana daban.

Ko an zaɓi gidan da ya dace, aiki bai ƙare ba. A ƙasar Hausa namiji baƙo ba ya wuce zaure, don haka in ba a tura mata ma'aikata ba, mai gida ne zai amsa a madadin kowa, har kan abin da ya shafi goyon ciki da shayarwa. In aka zo da hantsi a tsakiyar damina, majiya ƙarfi duk suna gona. Akwai kunya, wadda ke hana uwa ambaton ɗanta na fari. Akwai masu ganin ƙirga 'ya'ya ko dabbobi bai dace ba. Wanda ya zaci maganar haraji ce zai rage abin da ya mallaka, wanda ya zaci rabon tallafi ne zai ƙara yawan bakin da yake ciyarwa. In kuma mai tambaya ya zo tare da ɗan aiken mai unguwa, ya ce yaya kuka ga aikin shugabanni, amsar da zai ji ita ce sai godiya.

Yadda aka gina tambayar ma yana juya amsa. Wanda ya ce "ashe ba ka ganin gwamnati ta yi ƙoƙari?" ya riga ya sa wa mutum magana a baki. Ma'anar abin da ake aunawa kuwa ta fi kowanne tasiri. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. A 2023 ta fitar da kashi 4.1 na watanni ukun farkon shekarar. Ayyuka ba su sauko daga sama ba a tsakani. Ma'auni aka canza zuwa na ƙasa da ƙasa, inda duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako ake lissafa shi cikin masu aiki, alhali a da sai ya kai awa 20. Hukumar ta bayyana hakan a fili. Wanda ya jera alƙaluman biyu ya ce an samu ci gaba, ko ya ce an yi ƙarya, bai karanta bayanin ba.

Abin da ya sa wannan magana ta dame ni shi ne, da irin waɗannan alƙaluman ake yanke shawarar inda za a gina asibiti, inda za a kai malamai, inda za a haƙa rijiya, inda za a kai taki. Kuma karkatar ba ta faɗa wa kowa daidai ba. Kullum mutum iri ɗaya take bari a baya: na nesa da titi, mara waya, mara karatun boko, matar da ke cikin gida, ɗan gudun hijirar da ba shi da adireshi. Su ne suka fi buƙata, su ne kuma suka fi wuyar samu. Wanda bai shiga lissafi ba, da wuya ya shiga kasafi. Zaɓe ta ƙuri'a ita ce hanya guda da ke tilasta wa mai bincike ya hau babur ya bi burtali ya isa ƙofar wannan mutumin.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana 'yan jarida: kafin mu karanta alƙaluma a labarai, mu nemi sanin wa ya yi binciken, wa ya biya kuɗinsa, yaushe aka yi, mutum nawa aka nema, nawa suka amsa, ta wace hanya aka zaɓo su, kuma da wane lafazi aka yi tambayar. Wanda ya ƙi ba da wannan bayanin, alƙalumansa ba su cancanci a yaɗa su ba. Ɗalibanmu na jami'a da kwaleji masu aikin binciken kammala karatu, raba takardun tambayoyi ga abokan aji da waɗanda aka tarar a bakin ƙofar makaranta ba ya wakiltar gari. In abin da ƙarfinku ya kai ke nan, ku rubuta hakan ƙarara, malamai kuma su yaba wa mai faɗin gaskiya fiye da mai cika shafi.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu masu gida, idan ma'aikatan bincike na hukuma suka yi sallama, ku duba katin shaidarsu, ku tabbatar ta wajen mai unguwa, wannan haƙƙinku ne. In kun gamsu, ku ba su lokaci. In uwargida ko amarya ƙuri'a ta fitar, ku bar ta ta amsa da bakinta. Ku faɗi abin da yake, ba ragi ba ƙari. Gidanku a madadin ɗaruruwan gidaje irinsa yake magana, in kuka rufe ƙofa, su ma kun rufe musu baki.